Yadda ake gane ko leza za ta ba da haske, da biro da takarda kawai

Mu ɗauki lezar heliyam da niyon, wadda Ali Javan da abokan aikinsa suka fara kunnawa a ɗakunan bincike na Bell a Amurka cikin Disambar 1960. Bututun gilashi ne mai ɗauke da iskar gas, da madubi a kowane baki. Irin da aka fi sani jan haske take bayarwa, mai tsawon zango (wato tsawon igiyar haske guda ɗaya) nanomita 632.8; nanomita kuwa kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita.

Da farko ka rubuta ribar tafiya ɗaya, wato yadda haske ke ƙaruwa in ya ratsa bututun sau ɗaya. Lantarki yana zuga ƙwayoyin heliyam, su kuma su yi karo da na niyon su miƙa musu ƙarfin. Ɗigon haske na giftawa, sai niyon ɗin ta saki wani ɗigon irinsa sak, su bi hanya ɗaya. Einstein ya bayyana wannan tun 1917. Ribar nan ƙarama ce. A ce kashi 2 cikin 100 ce, wato 1.02.

Sannan asara. A ce madubin baya yana mayar da 0.999 na hasken, na gaba kuma 0.99, domin ta nan ake barin kaɗan ya fito. Yanzu ninka su duka na zuwa da dawowa: 1.02 sau 1.02 sau 0.999 sau 0.99. Za ka samu kusan 1.029. Ya haura 1, leza ta kama. Hasken zai yi ta ƙaruwa har ya riƙa kwashe ƙarfin niyon da sauri, ribar ta sauko ta daidaita da asara.

Wannan wurin nake so ɗalibi ya riƙe da kyau. Ƙura ta ci kashi 2 kacal a kowace tafiya, lissafin ya faɗo 0.988, jan hasken ya ɗauke gaba ɗaya, alhali bututun yana ci. Shi ya sa masu aikin ba sa wasa da tsabtar madubi. Kuma don Allah kada ka leƙa bakin bututu wai ka duba, ido ba shi da madadi.

Saura batun amo. Tsirkiyar garaya a ɗaure take sama da ƙasa, don haka wasu sautuka kaɗai take iya fitarwa. Haka haske tsakanin madubai biyu: dole rabin zangonsa ya shiga tazarar sau adadi cikakke, babu ɓurɓushi. Raba gudun haske, mita miliyan 300 a daƙiƙa, da ninki biyu na tazarar. Idan santimita 30 ce, megahaz 500 ke tsakanin kowane amo da na kusa da shi (megahaz ɗaya kaɗawa miliyan ɗaya ce a daƙiƙa). Faɗin da niyon ke ba da riba kuwa kusan megahaz 1,500 ne, wato amo kamar uku za su samu shiga.

In amo ɗaya tak kake so, rage tazarar zuwa wajen santimita 10. Sai dai gajeren bututu ribarsa ta ragu, don haka ka koma lissafin farko ka ga ko har yanzu ya haura 1.