Yadda ake sa wa haƙoran gaban yaro hula idan sun lalace

A ɗakin haƙori inda nake aiki, maganar da na fi ji a bakin iyaye ita ce, "Ai na nono ne, zai famfara." Gaskiya ne, amma yaushe? Haƙoran gaba na sama ba sa faɗuwa sai yaro ya kai shekara 6 zuwa 8. In ɗanki yana shekara 3 kuma haƙoran gaban nan guda huɗu sun yi baƙi sun fara gutsurewa, da sauran shekaru yana cin abinci da su, yana koyon magana da su. Ga kuma sabon haƙorin da ke kwance cikin dasashi, dab da saiwar wanda ya ruɓe. In ruɓar ta kai ga ƙurji, tana iya ɓata shi tun bai fito ba.

Ki fara dubawa da kanki. Kwantar da kansa a cinyarki inda akwai haske, ki ɗaga leɓen sama. Farin layi kamar alli a gindin haƙori shi ne farkon matsala, kuma a nan man fuloraid (sinadarin da ke ƙarfafa haƙori) da likita zai shafa yana iya tsayar da ita. Ƙaramin rami, ciko ya isa. Ana maganar hula, wato murfin da ke rufe haƙorin gaba ɗaya, idan ruɓa ta zagaye haƙorin, ko ta ci bakinsa, ko yaro ya faɗi ya karya babban yanki. In kin ga ƙurji a dasashi ko kumburin leɓe, kada ki jira wani mako. Kuma don Allah a bar kai yara wajen masu "cire tsutsa", babu wata tsutsa a ciki, sukari ne da ƙwayoyin cuta.

Ki nemi inda ake duba haƙoran yara musamman. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano suna da wannan sashe. Yawanci likita zai ɗauki hoton haƙorin. In ruɓa ta kai jijiya, sai an wanke cikinsa an cike kafin a rufe, in ba haka ba an binne ciwo ne kawai. In kuwa saiwar ta riga ta fara narkewa don famfara ta kusa, ni dai ba na ganin hikimar kashe kuɗi a kan hula.

Hular kanta kamar haƙorin Makka take, ana ɗan rage haƙorin ne a zura masa ita. Wadda aka fi yi wa haƙoran gaba wani ɗan kwanso ne na roba mai haske, a cika shi da farin ciko, a kifa a kan haƙori, a haska masa shuɗiyar fitila ya daskare, sannan a ɓare kwanson. Tana da kyau ƙwarai, sai dai tana son isasshen haƙori da za ta kama, kuma jini ko yawu na ɓata aikin, ga shi tana iya ɓalgacewa. Akwai ta zakoniya, wani abu mai kama da tangaran, fara fat kuma mai ƙarfi, amma ta fi tsada kuma sai an ƙara rage haƙorin. Ta ƙarfe tana da ƙarko sosai, amma turame ake sa wa ita, don ba kowace uwa za ta yarda ɗanta ya yi murmushi da ƙarfe ba. Ki tambayi likita wacce ke gare su a hannu, da dalilin da ya sa ya zaɓi wannan.

In yaron ya yi ƙanƙanta da zama a kujera, akwai ruwan magani mai azurfa da fuloraid da ake ɗigawa ya tsayar da ruɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna a 2021. Babban aibinsa: wurin da ya ruɓe zai koma baƙi ƙirin. Ki san da haka kafin ki ce to.

Ranar da aka yi aikin, ki sa ido a kan leɓensa. Allurar kashe zafi takan sa yaro ya riƙa taunar leɓe bai sani ba, washegari ya kumbura. A ba shi kunu ko fate har allurar ta sake shi. Daga nan kuma ba shan rake da haƙoran gaba, ba fasa aya ko ƙuli-ƙuli, a yanka masa nama ƙanana. In hular ta fita, ki adana ta ki koma da ita, kada a manna ta da gam a gida.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a yi wannan wahala sannan yaro ya koma barci da fida cike da shayi mai sukari a baki. Ruɓa za ta sake shiga ta gefen hular. Da dare ruwa zalla. A goge masa baki safe da dare da man da ke da fuloraid, kamar ƙwayar shinkafa in bai kai shekara 3 ba, kamar ƙwayar wake daga 3 zuwa 6. Ke za ki riƙe buroshin, ki bi gindin hular inda ta haɗu da dasashi, ko da ya ɗan yi jini a kwanakin farko.