Kurakuran da ke lalata aikin masu mayar da kayan ado aikin fasaha

Matasa a Kaduna sun fara ɗaukar sarƙa, awarwaro, jigida da tsohuwar jakar fata suna haɗa abin da za a girka a falo ko a baje koli. Abin yana faranta min rai. Sai dai na gaji da ganin ɓarna iri ɗaya a hannun kusan duk wanda ya kawo min aikinsa in duba.

Babbar matsalar ita ce mantawa da cewa jikin mutum ne ke ɗauke da kayan ado. Wuya ne ke ba sarƙa siffa, ƙugu ne ke riƙe jigida. Da zarar ka raba su da jiki, kai ne za ka samar musu abin da za su tsaya a kai. Amma sai ka ga yaro ya tara tsakiya da murjani a kan kwali ko soso, kwana kaɗan abin ya langaɓe. Ku fara da ƙashin aikin. Ni Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa, nake zuwa, mai walda ya lanƙwasa min rodi, gindi ya fi sama faɗi da nauyi, in girgiza shi da hannu in ga bai motsa ba, sannan in taɓa kayan ado.

Sai gam, kuma a nan raina ya fi ɓaci. Don Allah ku raba kanku da gam ɗin bindiga, wanda ake narkarwa da zafi! Zafin watan Maris yana sassauta shi, hunturu ya busar da fatar da aka manna ta janye, damina ta zo ta ƙarasa. Na taɓa haɗa wani babban aiki na awarwaro da jar fata, wanda ya saya ya biya kuɗi masu kauri, ba a fita damina ba ya dawo min da shi a buhu. Na mayar masa da kuɗinsa, kuma har yau bai sake waiwayata ba. Tun daga nan komai ɗinki nake yi ko ɗauri. Fata a kai wa baduku ya huda ya ɗinke, ƙarfe a ɗaure da waya. Ku dubi El Anatsui, mai fasaha ɗan Ghana da ya fara koyarwa a Jami'ar Nsukka a 1975: manyan ayyukansa na murafen kwalba, har wanda aka rataya a gidan baje kolin fasaha na Tate Modern da ke Landan a 2023, da waya aka haɗa su ɗaya bayan ɗaya. Haƙurinsa za ku koya. Kwaikwayon siffar aikinsa kuwa ya ishe mu haka nan, duk wanda ya san harkar kallo ɗaya zai yi ya gane.

Wayar ma akwai lura. In wayar tagulla ta daɗe tana gogar baƙin ƙarfe cikin danshi, tsatsa tana saurin cin ƙarfen. Ni nakan yi wa rodin fenti tukuna, ko in sa guntun fata tsakaninsu.

Wani abin da ba na yafewa shi ne yanka kayan gado. Yarinya ta ɗauko munduwar azurfar kakarta ta sa mata zarto don ta dace da zane. Haba ƙanwata! Irin wannan aikin maƙeran farfaru ba kullum ake samun mai yin sa ba yanzu. In za ki yi amfani da ita, ki rataya ta yadda za a iya cire ta lafiya. Kayan gwaji suna nan jibge a Kasuwar Barci da Kasuwar Gumi.

Ƙananan kuma: kada a shafa wa fata banish, ɗan man kaɗanya ya isa. Kada a ɗauki hoto a gaban labule mai furanni. A auna faɗin ƙofa kafin a gama aiki.

Akwai kuma cika kaya. Wasu gani suke yawan ƙyalƙyali shi ne gwaninta, sai a rasa inda ido zai sauka. Ku shiga gidan tarihi na kan titin Ali Akilu ku kalli mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000, daga nan kudancin jiharmu. Akwai tsakiya a wuya, akwai awarwaro a hannu, amma kowanne yana da wurin zamansa. Ni in na ga kamar na gama, nakan ajiye aikin ya kwana, da safe in cire duk abin da aikin zai iya tsayuwa ba shi.