Yadda Ake Noman Tattasai a Bokiti a Tsakar Gida

Tattasai ba sai a fadama yake yi ba. Bokitin fenti mai lita 20, ko buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa, ya ishi tushe ɗaya. Tushe ɗaya fa. In aka cusa biyu, dukansu za su tsumbure. A ɗora ƙusa a wuta a huda gindin bokitin wuri shida zuwa takwas, domin saiwar tattasai ba ta jure kwanciyar ruwa.

Ƙasa kuwa haɗa ta ake yi: kwano biyu na ƙasar gona, kwano ɗaya na ruɓaɓɓen takin shanu ko na awaki, kwano ɗaya na yashi ko ɓuntun shinkafa. Ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi. Laka zalla kuma takan daskare a bokiti, ruwa ya riƙa bin gefe yana zurarewa.

Irin da aka saya a shagon kayan gona ya fi tabbas. Mai son cirewa daga na miya, ya zaɓi wanda ya yi ja sosai, ya shanya ƙwayar a inuwa. Ta kore ba ta ƙosa ba. A yafa a ƙaramin mazubi, zurfin kamar rabin santimita. Yakan tsiro cikin kwana 7 zuwa 14. Bayan sati biyar ko shida, in ya yi ganye huɗu zuwa shida, a dasa da yamma tare da ƙasar da ke jikin saiwar.

A Arewa, ƙarshen damina ne lokacin da ya fi dacewa, wajen Satumba ko Oktoba, don ya yi fure da sanyi. Zafin bazara, daga digiri 35 zuwa sama, kakkaɓe furen yake yi. Yana son rana ta awa shida, amma in gari ya yi zafi a matsar da shi inda zai samu inuwa daga azahar. Baƙin bokiti kuma a naɗe shi da buhu.

Ban ruwa ne inda aka fi yin kuskure. Kowace safiya a tura yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu. In ta bushe, a zuba har ruwa ya ɗigo ta ƙasa, in da danshi a ƙyale. Baƙin tabon nan da ke fitowa a gindin ɗan tattasai ba tsutsa ba ce, kuma feshi ba ya maganinsa. Yau ƙishi gobe ambaliya ke kawo shi, don sinadarin kalsiyam ba ya isa ga ɗan sai da ruwa a kai a kai. Rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa yana taimakawa ƙwarai, musamman da hunturu.

Sati biyu bayan dashe, a binne ƙaramin cokali ɗaya na takin zamani NPK 15:15:15 a gefen bokiti, nesa da tushe, a maimaita duk sati uku. Yuriya in ta yi yawa, ganye za a samu, ba 'ya'ya ba.

A riƙa ɗaga ganye ana duba bayansa. In an ga ƙananan fararen ƙudaje, a daka 'ya'yan darbejiya cikin hannu ɗaya, a jiƙa a lita ɗaya na ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma. Tushen da ganyensa ya nannaɗe ya yi dabbare-dabbare, a tuge shi kawai kafin ya shafa wa sauran.

Reshensa na da saurin karyewa, saboda haka a kafa masa kara a ɗaure. Kore yakan isa cira wata biyu zuwa biyu da rabi bayan dashe. Mai son ja ya ƙara sati biyu ko uku. Da almakashi ake yanka, a bar ɗan guntun hanci a jiki.