Ga sabon zuwa Slovakiya: ka fara da ƙauyen Vlkolínec

Ɗan'uwa, sannu da zuwa. Idan karatu ko aiki ya kai ka yankin Žilina, kada ka ƙare watanninka tsakanin ɗaki da tashar mota. Ka ware wata Asabar ka shiga jirgin ƙasa zuwa Ružomberok, daga nan ka hau dutse zuwa Vlkolínec. Ni dai a can na fara gane halin mutanen ƙasar nan.

Ƙauyen yana cikin duwatsun Veľká Fatra, sama da mita 700 daga matakin teku, a gindin dutsen Sidorovo. Sunansa daga "vlk" yake, wato kyarkeci. An fara ambatonsa a rubuce a 1376, zamanin da yankin ke ƙarƙashin masarautar Hungari, kuma a haka ya zauna har 1918. Mutanensa masu saran itace ne da makiyayan tumaki da ƙananan manoma. A 1944 sojojin Jamus suka ƙona wani ɓangarensa, amma gidaje sama da 40 suna nan tsaye, shi ya sa UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihin duniya a 1993.

Ka tsaya ka dubi ginin da kyau. Gungumen itace ne aka jera wani kan wani, aka toshe tsakani, aka shafe da farar ƙasa ko shuɗi, rufin ma na katako. Tagogin ƙanana ne ƙwarai saboda sanyi. Ruwa na gangarowa ta tsakiyar ƙauye cikin kwami na itace, ga hasumiyar ƙararrawa ta katako da aka gina a 1770. Wanda ya ga haka zai gane dalilin da ya sa mutanen nan ke tara itacen wuta tun da rani, kuma ba su da yawan surutu da baƙo.

Abin da ya fi damuna shi ne masu leƙa tagogin mutane da waya a hannu. Har yanzu akwai 'yan tsirarun da ke zaune a gidajen nan, galibi dattawa. Kada ka tura ƙofar shinge sai an ce ka shigo. Duk wanda ka haɗu da shi ka ce "Dobrý deň", ita ce sallamarsu. Za ka ga fuskar da ta ɗaure ta saki. In an kai ka cikin gida, ka cire takalmi a bakin ƙofa kamar yadda muka saba.

Ka riƙe 'yan kuɗin yuro a aljihu don kuɗin shiga, da takalmi mai kama ƙasa, domin daga Nuwamba hanyar na iya yin santsi da ƙanƙara, rana kuma kan faɗi wajen ƙarfe 4. Za a yi maka tayin bryndzové halušky, curin dankali da cukun tumaki. Da daɗi, sai dai ana barbaɗa masa soyayyen naman alade. Tun wajen oda ka ce "bez slaniny", a kawo maka ba tare da shi ba.