Kurakuran da baƙo ya fi yi a ƙaramin gidan abincin unguwa a Uzbekistan, da yadda zai gyara su

Wanda ziyara ta kai shi makwancin Imamu Bukhari a ƙauyen Hartang da ke kusa da Samarkand, ko karatu ko kasuwanci ya zaunar da shi a Tashkent, ba zai daɗe ba zai gane cewa ainihin girkin mutanen ƙasar yana cikin unguwannin da suke kira mahalla, a ƙananan gidajen abincin da allon ƙofarsu ke ɗauke da kalmar oshxona ko choyxona. Irin waɗannan gidaje suna tafiya ne bisa lokacin tukunya da al'adar masu gida, kuma yawancin ɓacin ran da baƙo ke fitowa da shi yana faruwa ne saboda ya shiga da tsarin cin abincin garinsu, yana tsammanin za a bi shi a kai.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne zuwa neman osh da dare. Osh, wanda ake kira palov, shi ne shinkafar da ƙasar ke tunƙaho da ita, har hukumar UNESCO ta sanya al'adar dafa shi da cinsa cikin kayan gadon ɗan Adam a shekarar 2016. Mai dafa shi, wato oshpaz, tun da sassafe yake hura wuta a ƙarƙashin babban kaskon ƙarfe, ya soya nama da albasa da karas a cikin mai, ya bar su su nuna su yi romo, sannan ya shimfiɗa shinkafa a kai ya rufe ta ta turara. Aiki ne na sa'o'i, kuma ba a sake ɗora wani saboda mutum ɗaya ya makara. Ana buɗe kaskon wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, kuma a gidan da ya yi suna, kafin ƙarfe biyu na rana an kankare gindinsa. Wanda ya zo bayan magariba, ko dai a ce masa ya ƙare, ko a ɗumama masa saura, ya tafi yana cewa abincin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Gyaran mai sauƙi ne: a sa osh a abincin rana, a isa kafin azahar, a bar dare ga tsire da romo da taliya. Ni a ganina gidan da ake samun osh ɗinsa a kowane lokaci na yini ya cancanci a yi masa kallon tsanaki.

Daga nan sai kuskuren zaton cewa dafa-duka ce irin tamu, wadda za ta zo da ja da zafin attaruhu. Girkin Uzbek ba na yaji ba ne. Daɗinsa yana fitowa daga kitsen jelar rago, da zaƙin karas, wanda galibi rawaya ne, da 'ya'yan wani kayan ƙamshi da suke kira zira, da tafarnuwar da ake binne kanta gaba ɗaya a cikin shinkafa, wani lokaci da zabibi da waken da suke kira nohat. Wanda ya zazzage barkonon da ya ƙunso daga gida a kan farantin kafin ya ɗanɗana ya rufe duk wannan, kuma mai girkin da ke kallonsa daga bakin kasko ba zai ji daɗi ba. Abin da ya dace shi ne a fara cin loma uku ko huɗu yadda aka zubo, sannan a nemi achichuk, wato tumatir da albasa da aka yanka siriri, domin tsaminsa ne ke karya maiƙon. Idan har harshe ya nace sai da zafi, ana iya neman ɗanyen barkono, wanda suke kira qalampir, a riƙa gutsura a gefe. Haka kuma kada a ɗauka an yi wa mutum ƙwange idan a Samarkand aka kawo masa shinkafa fara a ƙasa, karas a tsakiya, nama a sama ba tare da an gauraya ba, domin salon garin ke nan, kuma ya bambanta da na Tashkent da na kwarin Fergana, inda ake son jar shinkafar nan mai suna devzira.

Akwai wata magana da ta fi waɗannan nauyi ga mai bin mazhabar Malikiyya, kuma yawancinmu ita muke bi. Da yake mutanen ƙasar Musulmi ne, baƙo yakan saki jiki ya ci duk abin da aka ajiye masa, alhali naman doki abinci ne mai daraja a wurinsu. Yankakken nama mai duhu da ake ɗorawa a kan osh a matsayin ƙari, wanda ake kira qazi, naman doki ne da kitsensa da aka cusa a hanji. Norin, siririyar taliyar da Tashkent ta shahara da ita, wadda ake ci da sanyi, ita ma a al'ada da naman doki ake haɗa ta. Mutanen Uzbekistan 'yan Hanafiyya ne, kuma manyan almajiran Imamu Abu Hanifa biyu sun halatta shi, kamar yadda Shafi'iyya da Hambaliyya suka halatta, amma zance mafi shahara a Malikiyya shi ne hani. Saboda haka wanda yake kiyaye wannan ya tambaya tun kafin a zuba, kuma kalmomi uku sun ishe shi: ot na nufin doki, mol saniya, qo'y tunkiya ko rago. Kada ya yi tambayar da fuskar ƙyama, domin a wurinsu karramawa ce a ɗora wa baƙo qazi, kuma suna da hujjarsu a fiƙihu. Wani abin lura kuma shi ne, wasu gidajen tsire suna sayar da giya, musamman da dare, don haka a dubi abin da ke kan teburan mutane kafin a zauna.

Game da gurasarsu, wadda suke kira non, nan ne baƙo ke ɓata wa mutane rai ba tare da ya sani ba. Zagayayyiya ce, ana manna ta a bangon tanderu, an yi mata ado da huda a tsakiya, kuma ita ake fara ajiyewa tare da shayi tun ba a tambaya ba. Ba a kifa ta, ba a yanka ta da wuƙa, ba a ajiye ta a ƙasa, ba a goge hannu da ita a yar. Babba a wurin, ko wanda ya gayyato mutane, shi ne yake gutsuttsura ta da hannu ya ajiye wa kowa a gabansa. Idan ka ga wani ya miƙo hannu ya juya gurasar da ka kifa, to gyara ya yi maka cikin ladabi, sai ka gode masa. Abin da ya rage kuma za ka iya neman a ƙunsa maka ka tafi da shi, musamman ta Samarkand mai nauyi, wadda take kwanaki ba ta lalace ba.

Shayi ma yana da nasa tsarin. Wanda ya saba da madara da sukari zai ga an kawo masa buta da ƙananan kofuna marasa mariƙi da ake kira piyola, babu komai a ciki sai ruwan ganye, kore a yawancin ƙasar, baƙi kuma ya fi karɓuwa a Tashkent. Mai zubawa yakan zuba a kofi ya mayar cikin buta har sau uku domin ganyen ya saki, sannan ya zuba ɗan kaɗan, ƙasa da rabin kofi, ya miƙa da hannun dama, hagu kuma a ƙirji. Baƙi da dama suna ɗaukar wannan a matsayin rowa, har su ɗauki butar su cika kofinsu fal. Ma'anar akasin haka ce: ana zuba kaɗan ne don shayin kada ya huce, kuma don mai gida ya riƙa samun damar yi maka hidima, cika kofi kuwa ana fassara shi da cewa ka sha ka tashi. Mai son zaƙi ya nemi navvot, dunƙulallen sukari mai kama da ƙanƙara. Kuskuren da ake ganin ya fi wahalar da ciki shi ne kwankwaɗar ruwan sanyi ko lemon kwalba a kan osh. Mutanen ƙasar suna hana wannan, suna cewa kitsen rago ba ya jituwa da sanyi, kuma duk wanda ya bi maiƙo da shayi mai zafi zai ji sauƙin da suke nufi.

Wajen yin oda, yunwa takan sa baƙo ya kira osh da romon shurpa da samsa, wato ƙullin fulawa mai nama da ake gasawa a tanderu, da tsire a zama ɗaya, sai rabin abincin ya koma. Farantin osh ɗaya yana ƙosar da babban mutum, shi ya sa gidaje da yawa suke sayar da abin da suke rubutawa 0.7, wato ƙasa da cikakken faranti, kuma babu kunya a nemansa. Manti, ƙullin fulawa da nama da albasa da ake turarawa, da guda ake ƙirga shi, tsire da tsinke, kifi da gasasshen naman tanderu kuwa sau da yawa da awo, ta yadda farashin da aka gani a rubuce zai iya zama na giram 100 kawai. A tambayi wannan tun farko. Samsa idan ta fito daga tanderu akwai tafasasshen romo a cikinta, don haka a ɓalle gefe a bar tururi ya fita kafin a kai baki. Wanda kitse ke damunsa ya ce yog'siz, za a rage masa, ko da yake ba za a iya raba girkin da mai gaba ɗaya ba. A Khiva kuma asara ce a nace sai osh, a bar shivit oshi, koriyar taliyar da garin ya keɓanta da ita.

Idan wurin zaman gadon katako ne mai faɗi, wanda ake kira tapchan, da katifu da ɗan gajeren tebur a tsakiya, ana cire takalmi kafin a hau. Ba a miƙe ƙafa ta fuskanci abinci, ba a tsallake shimfiɗar abinci, kuma gurbin da ya fi nisa da ƙofa na dattijo ne ko babban baƙo, don haka kada a zarce can sai an nuna. Bayan wanke hannu ba a yarfe ruwan, tawul ake amfani da shi. A jira babba ya fara, a ci da dama, kuma kada a miƙe da zarar an ƙoshi, domin ana rufe zama da addu'a a shafa fuska, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu. Mai kawo abinci idan namiji ne a kira shi aka, wato yaya, mace kuma opa, a fara da sallama a ƙare da rahmat. Turanci ba ya aiki sosai a cikin unguwa. Uzbekanci da Rashanci ake ji, sai Tajikanci a Samarkand da Bukhara, kuma nuna kwanon maƙwabci da hannu cikin ladabi yana warware abin da baki ya kasa.

Saura biyan kuɗi. Yawancin gidajen da ke da masu kawo abinci suna ƙara kuɗin hidima a kan lissafi, galibi kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, kuma gurasa da shayin da aka ajiye tun farko suna cikin abin da za a biya. Baƙon da bai san haka ba yakan ɗaga murya yana zaton an cuce shi, alhali abin da ake yi wa kowa ke nan. Ba a ciniki a gidan abinci kamar yadda ake yi a kasuwar Chorsu ta Tashkent ko ta Siyob ta Samarkand. A riƙe tsabar kuɗin ƙasar, wato som, domin na'urar ƙaramin gida tana iya karɓar katunan cikin gida na Uzcard da Humo ta ƙi na waje. Idan kuma ɗan gari ne ya gayyace ka, shi zai biya, kuma nacewa a raba lissafi a gaban mutane zai kunyata shi. Abin da ake yi shi ne ka gayyace shi wata rana, ka riga shi zuwa wurin mai karɓar kuɗi.