Kurakuran da Ake Yi Idan Mota Ta Fara Zafi Bayan An Ɗauko Ta Daga Gareji

Motar da ta shiga gareji lafiya lau, aka yi mata sabis ko aka wanke mata lagireto, sannan ta fito allurar zafi tana hawa, da wuya a ce wani sabon ciwo ne ya same ta daga sama. Galibi abin da hannun bakanike ya taɓa ne ba a mayar da shi yadda yake ba. Na gaji da ganin sababbin masu mota suna tsallake wannan, suna tafiya kai tsaye ga aikin da ya fi kowanne tsada, alhali abin da ya kamata su fara tambaya shi ne me aka kwance, me aka tsiyaye, kuma wace waya aka zare.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne yarda cewa gaskit, wato shimfiɗar da ke like tsakanin tof silinda (saman injin) da jikin injin, ya ƙone tun ba a fitar da iskar da ke cikin injin ba. Duk lokacin da aka tsiyaye ruwa aka zuba sabo, iska takan maƙale a cikin tof silinda da tiyo, famfon ruwa kuwa ruwa aka yi shi ya tura, don haka sai zagayawar ta riƙa yankewa, allura ta hau ta sauka ba bisa ƙa'ida ba. An taɓa wanke mini lagireto a wani gareji, ban yi nisa ba motar ta tafasa. Da na koma, bakaniken ko murfi bai buɗe ba ya ce, "Alhaji, gaskit ne, sai an sauke tof." Aka sauke, aka kai tof ɗin aka goge, na biya kuɗin da har yau nake jin zafinsu, aka ɗaura, allura ta koma inda take. Wani dattijon bakanike ne ya ɗora gaban motar a kan tudu, ya bar ta tana aiki murfin lagireto a buɗe yana matsa tiyon sama da hannu, kumfa tana fita, ruwan yana zurarewa ƙasa yana ƙarawa, har fanka ta tashi. Shi ke nan maganar zafi ta mutu.

Tun daga lokacin haka nake yi duk sanda aka taɓa ruwan motata, da safe injin yana sanyi, kuma nakan murɗa hitar cikin motar zuwa ƙarshe domin ruwan ya ratsa ta can ma. Gaskit da ya ƙone ba ya ɓuya. Za a ga farin hayaƙi da ba ya ɗaukewa ko bayan injin ya ɗumama, ko ruwa yana raguwa ba tare da yoyo a ƙasa ba, ko kumfar da ba ta ƙarewa a bakin lagireto, ko kuma baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, kada a bari kowa ya ɗora sifana a kan tof.

Na biyu, wanda yake ba ni haushi ƙwarai, shi ne cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanyar zuwa lagireto idan injin ya ɗumama. Da zarar mota ta yi zafi sai ka ji an ce, "Wannan ai na ƙasashen sanyi ne, ba ya yi a nan." Ina dalili? Motocin da ake sayarwa a Saudiyya da tamostat ɗinsu suke zuwa, zafin Makka kuwa bai gaza na Sakkwato a watan Afrilu ba. A yawancin injinan Toyota yana fara buɗewa ne wajen digiri 82, kuma a injina da dama idan ya buɗe yakan toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi a cikin injin. Wanda ya cire shi ya bar wannan hanya a buɗe, wani kaso na ruwan ya riƙa kewayawa ba tare da ya leƙa lagireto ba. Ga ƙarin shan mai, domin kwamfutar motar tana ɗaukar injin bai ɗumama ba. Mafi muni, ainihin matsalar tana nan, an rufe ta ne kawai. Wanda yake zargin tamostat ya jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta, zai gani da idonsa ko yana buɗewa kafin ruwan ya tafasa. Idan kuma sabo aka saka a garejin, a duba ko an juya shi, domin ɓangaren sifirin shi ne yake fuskantar injin. Haɗa fanka kai tsaye da makulli ma ɗan'uwan wannan kuskure ne, kuma ban yarda a yi mini shi ba.

Mutane ba sa lura da lokacin da zafin yake zuwa, alhali rabin amsar yana nan. Motar da take zafi a cunkoso ta huce a babban titi, fanka ce: a duba soket ɗin da aka zare aka manta, da fis, sannan a kara takarda a gaban lagireto, domin idan rewaya, mai gyaran wutar mota, ya juya wayoyi fankar takan tura iska waje maimakon ta janyo ta. Wadda kuma take zafi a kan doguwar tafiya ko a hawa, a duba yawan ruwa, da toshewar lagireto, da fambel, ko ya yi sako-sako ko an ɗaura shi ta hanyar da ba tasa ba.

Sauran ƙanana ne, amma suna da ta'adi. Murfin lagireto da robarsa ta mutu ba ya riƙe matsi, sai ruwa ya tafasa da wuri, kuma yana cikin mafi arha a kayan da aka ambata. Buɗe shi injin yana zafi kuwa neman ƙuna ne. Kwara ruwan sanyi a kan injin da ya tafasa yana iya tsaga tof ko ya lanƙwasa shi, musamman na alminiyam. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin tsatsa da ƙasa-ƙasa a cikin lagireto, shi ya sa nake amfani da kulan, ruwan da aka haɗa musamman don sanyaya inji. Lallaɓa mota zuwa gida allura tana kan ja yakan mayar da aikin soket ɗaya ya zama na injin gaba ɗaya.

Sai kuma fushin da ke sa mutum ya wuce wani gareji daban nan take. Ni nakan fara komawa wurin wanda ya yi aikin, in tsaya a kansa ya nuna mini duk abin da ya kwance ɗaya bayan ɗaya, domin sabon bakanike bai san abin da aka taɓa ba, kuma da laluben kuɗina zai fara.