Darasi: Rigimar Tarkace a Cikin Gida

Akwai gidan da rigimarsa ba ta kuɗi ba ce, ta tarkace ce. Baba yana tara kaya: tsofaffin jaridu, robobi, gwangwanaye, ledoji, takalman da suka tsinke, rediyon da ya daina magana tun tuni. Ƙofar ɗakinsa ba ta buɗuwa sai rabi. Kaya sun cinye gado, shi kuma yana raɓawa a gefe ya kwana. 'Ya'ya sun rabu biyu. Babban ya ce a kwashe komai a ƙone. Ƙanwarsa ta ce a ƙyale tsoho, ai kayansa ne.

Mutane kan ce ƙazanta ce ko rowa. Likitoci kuwa sun ce lalura ce ta ƙwaƙwalwa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa ta cikin jerin cututtuka a 2013. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa ta a sabon kundinta da ya fara aiki a 2022. Tana samun kusan mutum 2 zuwa 3 cikin 100. Takan fara tun ƙuruciya, ta ƙaru da shekaru, wani lokaci ta tsananta bayan mutuwar miji ko mata. Mai ita yana jin ciwo na gaske idan za a rabu da abu, ko da murfin kwalba ne.

Shi ya sa kwashe kayan a bayan idonsa ba ya magani. Zai dawo ya tarar da ɗaki fayau, ya ji an ci amanarsa. Sau da yawa ɗakin kan sake cika, wannan karon kuma da kwaɗo a ƙofa. Amma ita ma ƙanwar ba ta da cikakkiyar gaskiya. Tarin takarda kusa da wuta gobara ce ke jira. Tsoho na iya yin tuntuɓe ya karye. Ga ɓeraye, ga kyankyasai.

To, a fara da haɗarin, a bar maganar kyan ɗaki tukuna. A buɗe hanya daga gado zuwa ƙofa. A janye kaya daga wayar lantarki da wurin girki. A fitar da abin da ya ruɓe. Kada a kira kayansa shara, daga nan faɗa ke tashi. Ga yadda 'yarsa za ta iya cewa:

"Baba, ina tsoron kada ka faɗi da dare. Ka yarda mu matsar da kwalayen nan daga bakin ƙofa?"

"Kada ki zubar min da ko ɗaya."

"Ba zan taɓa komai ba sai da izininka, Baba."

A kawo kwali uku: na ajiyewa, na kyauta, na zubarwa. Shi zai zaɓa, ba ku ba. Minti 20 a rana ya isa, kusurwa ɗaya kawai. Aikin na da cin rai, ba a gama shi a mako guda.

Idan ya daina wanka, ko ya fara mantuwa, ko damuwa ta yi masa yawa, a kai shi wurin likita. Akwai maganin da ake yi ta hanyar zama da tattaunawa da masani.

Aikin gida: Rubuta jimla biyu da za ka faɗa wa ɗan'uwa mai tara kaya, ba tare da kalmar "shara" ba.